Ƙuri'un Unguwarmu a Cikin Langa

Duk wanda ya ɗauki alƙalami zai rubuta tarihin dangantakar ƙasashen Afirka ta Yamma, in dai yana tsoron Allah, wajibi ne ya ware babi guda saboda babbar langar mahaifiyata. Na karanta littattafan tarihi gwargwadon abin da albashin malamin lakwal, wato makarantar boko, zai iya saye, na kuma koyar da su shekara da shekaru a Ƙonni. Na ga an cika shafuka da yarjejeniyoyi da tarukan shugabanni, amma ban taɓa cin karo da inda aka ambaci kwano mai murfi ba. Wannan giɓi ne babba. Langar fara ce mai zanen jajayen furanni, gefen murfinta ya ɗan ɓantare, kuma akwai wata safiyar Lahadi da ta ɗauki muryar unguwa guda ta kai bakin iyaka, a kan cinyata.

Mu uku ne a gidan a ranakun aiki: ni, da Inna, da ƙanwata Auta. Matata ungozoma ce a Malbaza, sai ƙarshen mako take zuwa, yaranmu kuma karatu ya kwashe su. Inna ciwon suga ya fara cinye mata ido, daga baya ƙafafu suka bi. Auta ta dawo gida bayan rasuwar mijinta, ba ɗa ba jika, kuma ban taɓa tambayar yadda aka yi jinyar Inna ta zama tata ba. An wayi gari kawai tata ce, kamar tsakar gidan da kowa ke takawa amma mutum ɗaya ke sharewa. Nawa rabon shi ne in durƙusa da safe in ce ina kwana, in sayo magani a ƙarshen wata, sannan in fita gari a nuna ni ana cewa ga mutumin da ya riƙe uwarsa. Ban taɓa musanta wannan yabo ba. Ina sunkuyar da kai ne irin na masu tawali'u, abin da ke ƙara masa armashi.

Auta tana waƙa. Tun tana ƙarama take yi, a bakin turmi, a wurin wanki, in kuma an yi biki a dangi ita mata ke turawa gaba ta riƙe amshi. Ni dai na ɗauki abin kamar kukan kurciyoyin da ke kan katanga: yana nan, yana da daɗi, ba a tsayawa saurare. A wani biki a Badagishiri wata mawaƙiya da ake ji a rediyo ta saurare ta, ta karɓi lambarta. Muka manta. Sai ga shi an zaɓi mawaƙiyar nan ta wakilci Nijar a gasar waƙa ta ƙasashe, irin wadda ake nunawa a tele, kowace ƙasa ta aiko da waƙa guda. Ta ce tana son Auta cikin ƴan amshinta.

Ni Auta ta zo ta tambaya, tunda ni ne babba. Na ba ta izini, na haɗa mata da jawabi. Na yi magana a kan baiwa, da haƙƙin mace, da darajar al'adun gargajiya a idon duniya, kusan duk abin da nake faɗa wa ƴan aji na ƙarshe. Inna tana kwance a tabarmarta tana ji har na kai aya.

“To,” in ji ta. “Wa za ya dama mini hura?”

Na ce, “Ni, Inna.”

Su biyun suka yi dariya, irin wadda ba ta da mugunta amma kuma ba ta bar mutum da komai ba. Ni ma na taya su, don a lissafina tafiyar kwanaki ce.

Kwanakin suka miƙe. Aka ce ana gwaji a Yamai, aka ce ana ɗinkin kaya, aka ce ana jiran takardun tafiya. Ni kuwa na shiga wata makarantar da ban san tana cikin gidana ba. Furar Inna ba a sa mata suga, kuma ba ta son gudaji, sai an dama har hannu ya ƙage. Akwai ƙwayar da ake rabawa biyu, akwai wadda ba a sha sai ciki da abinci. Akwai yadda ake ɗaga ta daga tabarma: in ka kamo ta hammata za ta yi ƙara, sai ka sa kafaɗa ta rataya a wuyanka, ka jira ta ce to. Akwai buta, akwai rakiya zuwa ƙofar bayi da tsayuwa a waje kana kallon sama. Wanka maƙwabciyarmu Hajiya ke zuwa ta yi mata, wata ƴar kasuwa mai sarin atamfa daga Sakkwato, amma ruwan ni ke ɗorawa, ni ke surkawa. Akwai matsar ƙafa bayan azahar, da labarin auren ƙanwar Inna ta Sakkwato wanda dole a saurare shi kullum kamar sabo. Na fara shiga aji a makare. Majalisar shayi ta malamai da nake zama bayan la'asar ta ci gaba ba ni, har na ji an ba wani kujerata. Littafin da na fara ranar da Auta ta tafi yana nan a kife a shafin da na bar shi. A nan na gane cewa duk karatun da ake yaba mini a garin nan, Auta ce ta ba ni lokacin yin sa.

Da suka isa ƙasar da ake gasar, ta kira ni. Muryarta tana rawa kamar ta yarinyar da ta ci jarrabawa.

“Yaya, ka san yadda abin yake? In munka tsallake wanga zagaye, sai na ƙarshe. Bayan shi kuma an ce waɗanda sunka kai can za a zagaya da su ƙasashe. Uwar ɗakina ta ce in haka ta faru, ni da ita ke nan, ba ni komawa.”

“In kuma ba ku tsallake ba?”

“Sai a sallame mu, kowa ya koma gidansu.” Sai ta ƙara da cewa, “Yaya, ku yi muna ƙoƙari. Jama'a ke zaɓe da waya.”

Na ce in sha Allah. Na faɗe shi da muryar da ta dace.

Dokar gasar ita ce, mai kallo zai aika lambar ƙasar da yake so ta saƙon waya, amma ba a yarda mutum ya zaɓi ƙasarsa ba. Layin Nijar ba zai zaɓi Nijar ba. Waɗanda suka zauna suka tsara wannan doka, da ka ji ka san ba su taɓa sauka a tashar Ƙonni ba. A unguwarmu da wuya ka sami baligi mai layi ɗaya. Akwai na nan, akwai na Najeriya, wanda ake kiran dillali da shi, da suruki, da mai motar da ya tsaya da kaya a hanya. Tsohuwar da ba ta san harafi ɗaya ba tana da wayar Sakkwato a ƙulle a bakin zane. Hajiya ce ta fara hango abin, tana tsaye a tsakar gidana da soso a hannu. Mushe take ce mini, yadda ake kiran malamin lakwal a nan, aro daga Faransanci.

“Mushe, in na aika da layin Najeriya, su can mi za su ɗauke ni?”

Na ce, “Ƴar Najeriya.”

“To ai shi ke nan. Gobe duk unguwar ga ƴan Najeriya ne.”

Ranar Asabar bayan la'asar aka nuna zagayen. Na fito da tele tsakar gida na ɗora a kan tebur, aka shimfiɗa tabarmi har bakin zaure, wuta kuma ta yi mana halacci ba ta ɗauke ba. Matata ta zo daga Malbaza, ta zaunar da Inna a gaba ta jingina ta da matashi. Ƙasashe suka yi ta wucewa. Wata ta bakin teku ta zo da ƴan rawa da yawa har ba a gane wane ne mawaƙin ba. Wani dattijo ya zo shi kaɗai da kayan kiɗansa mai tsirkiya da yawa, ya sa tsakar gidan ta yi tsit. Najeriya ta zo da hayaƙi da fitilu masu juyawa, matasanmu suka fara kaɗa kai, Hajiya ta juya ta dube su suka daina.

Sai aka kira Nijar. Gurumi ya fara, ƙwarya ta shiga, mawaƙiyar ta fito cikin shuɗin lufaya. Ƴan amshi suna can baya a jere, inda haske bai cika kaiwa ba. Inna ta laluba ta kamo hannun rigata.

“Tana nan?”

“Tana nan, Inna.”

“Mi tas sa?”

“Shuɗi. Duka shuɗi suka sa.”

“Ta rame?”

Na duba ban hango ba, don mai ɗaukar hoton ya fi sha'awar yatsun mai gurumi. Inna ta saki rigata ta karkata kai. Da aka zo amshi na biyu sai ta ɗaga yatsa. “Ga ta nan. Wadda ke jan wutsiyar baiti bayan kowa ya aje. Haka take yi bakin turmi.”

Daidai lokacin aka haska su, ɗan ƙiftawar ido. Mata suka yi guɗa. Na ga rabin fuskar Auta, da kanta a ɗage, da idonta a lumshe. Na san fuskar nan tun ranar sunanta, amma ban taɓa ganin ta haka a gidana ba. A gidana kullum kanta a ƙasa yake, a kan ƙwarya ko a kan ƙafar Inna. Na tafa tare da kowa.

Aka sanar cewa za a bar layi a buɗe har washegari da rana, a faɗi sakamako da yamma. Matsalar ita ce layin Najeriya a unguwarmu yana zuwa ne kamar baƙon da bai yi niyyar zama ba: ya leƙo, ya gaisa, ya tafi. Mai son saƙonsa ya tafi tabbas sai ya bi hanyar iyaka, wajen wani tudu mai bishiyar bedi inda mutane ke zuwa kiran Sakkwato. Matasa suka ce su za su je da kansu. Tsofaffi da matan da ba su fita fa? Nan ma Hajiya ta yanke hukunci: Mushe ne yayan yarinya, Mushe ne ya iya rubutu, a tara wa Mushe.

Da safe suka fara shigowa. Kusan duk wayoyin iri ɗaya ne, ƙananan baƙaƙe masu tocila, don haka kowa ya ɗaura wa tasa alama. Wannan jan zare, wannan ƙyallen atamfa, wani tsoho ya ɗaura igiyar takalmi, wata ta manna ƙullin daddawa a leda ta ce ba mai ɗaukar mata ita bisa kuskure. Na nemi jaka, Inna ta ce a'a, jaka tana matse kaya, a sauko da langarta ta aure. Da aka gama zubawa ta kwance bakin zanenta ta miƙo tata, wadda take gaisawa da ƙanwarta, an ɗaure ta da ƙyallen wani tsohon zane da na sani tun ina goye.

“Ka hwara da tawa ko ka ƙare da ita, duk ɗaya,” in ji ta. “Amma ka danna da kyau.”

Na hau kabu-kabu na rungume langa kamar mai kai abincin suna. A shinge wani ɗan duwan, wato kwastan, ya tsayar da mu, dogo, daga yammacin ƙasa aka turo shi, Hausarsa tana da ƙamshin Zabarmanci. Ya ce a buɗe. Na ɗaga murfi. Ya daɗe yana kallon wayoyin da zarurrukansu.

“Malam, wannan fita da su za ka yi ko shigowa?”

Na ce, “Ba ko ɗaya. Zaɓe za su je su dawo.”

Na yi masa bayani da Faransanci, don abin ya yi kama da doka. Ya saurara har ƙarshe, ya duba hagu da dama, ya sa hannu a aljihun wando ya ciro wata ƴar waya ya jefa a ciki.

“Ba ta da alama,” na ce.

Ya cire murfin bironsa ya maƙala mata. “Da dawowa ka ba ni. Kuma ba ka gan ni ba.”

A gindin bedin na tarar da wani mutum ya riga ni, mai ƙiba, da hula a karkace, da buhun shinkafa a tsakanin ƙafafunsa. Muka gaisa. Na buɗe langa, ya leƙa. Ya buɗe buhu, na leƙa. Wayoyi ne, da zare da ƙyalle. Daga Illela ta tsallaken iyaka ya zo, tela ne, unguwarsu ta tara masa layukan Nijar don ya zaɓi Najeriya, kuma a wannan tudun ne duka biyun ke kamawa. Muka dubi juna, ya matsa mini a kan saiwa.

“Naku sabis ɗin yana wahalar da ni,” ya ce bayan ɗan lokaci.

“Mu rezo muke ce masa. Wataƙila shi ya sa bai amsa maka.”

“Na ga waƙarku jiya. Ta yi daɗi, wallahi. Na yi barci mai kyau.”

“Taku ban samu na gani ba, hayaƙi ya rufe. An kashe gobarar?”

Ya yi dariya har buhun ya zame. Ya sayi gyaɗa ya zuba a tsakaninmu. Da na gaya masa ƙanwata tana cikin ƴan amshi sai ya daina tsokana, ya ce Allah Ya ba mai rabo sa'a, ya kuma rantse da a ce yana da layin ƙasarsa a nan da ya ba mu ɗaya. Haka muka zauna kafaɗa da kafaɗa, kowa yana yi wa ƙasarsa hidima da sunan ƙasar ɗan'uwansa.

Ina so a san wannan: ban tsallake waya ko ɗaya ba. Na ɗauka, na rubuta lambar Nijar, na duba kamar mai gyaran takardar jarrabawa, na aika, na jira alamar ta tafi, na ajiye a murfi. Yatsuna sun yi aikinsu da gaskiya. Sai dai aikin da hannu ya iya, yakan bar kai ya yi yawo, kuma nawa kan bai je wurin Auta da idonta a lumshe ba. Ya tafi wurin damina mai zuwa, da yadda zan ɗaga Inna in tsakar gida ta yi santsi. Ya tafi wurin lokacin jarrabawa, da tulin takardu, da ruwan wanka a kan wuta. Ya lissafa ƙasashen da za a zagaya, ya ga suna da yawa, kuma ni na koyar da taswirarsu, na san nisansu. Da na zo kan wayar Inna, na danna da kyau kamar yadda ta ce, sai na tsinci kaina ina kallon ƴar alamar nan ina jiran ta ce saƙo bai tafi ba. Ya tafi nan take. A duk langar babu wanda ya fi shi saurin tafiya.

Da yamma aka sake cika tsakar gida. Mai gabatarwa, wani mai farin haƙori da kwat mai ƙyalli, ya yi ta kiran ƙasashe yana faɗin wadda jama'ar kowace suka fi zaɓa. Da ya zo kanmu sai ya dafa ƙirji. Ya ce jama'ar Nijar sun ba Najeriya, kuma an sami ƙuri'u masu yawa daga Najeriya zuwa Nijar, a dubi wannan ƙauna ta maƙwabta, a yi koyi. Zauren can ya ɗauki tafi. Na tuna tela da buhunsa. Hajiya ta ce, “Ƙauna ta gidanku.”

Ƙaunar ba ta isa ba. Aka jera waɗanda suka tsallake, aka gama, ba mu ciki. Aka ɗan haska tawagarmu suna tafa wa wasu, ban ga Auta ba.

Tsakar gidan ta mutu. Mata suka fara naɗe tabarmi ba mai kallon wani. Hajiya ta ce an yi maguɗi, ta faɗi haka ga katanga, ta fita. Matata ta tuƙa tuwon dawa da miyar kuɓewa busassa tun da rana saboda baƙi, ba wanda ya tsaya. Bayan magariba ta kawo mana. Ita ta sa hannu ta cire. Inna ta ce a rufe mata nata, ƙirjinta ya cushe.

Ni kuwa na ci. Ban yi niyya ba, ban ma lura ba sai da na ga gindin kwano. Rabona da jin daɗin tuwo haka tun kafin Auta ta tafi. Kafaɗuna sun sauko, wani abu da ya daɗe a tokare a ƙarƙashin haƙarƙarina ya kwance. Na tura wa matata kwanon na ce ko da saura. Ta dube ni, irin kallon da take yi wa mijin da ya zo ɗakin haihuwa yana tambayar abincin rana.

Daga tabarma Inna ta ce, “Wa ke neman ƙari?”

“Malam ne, Inna,” in ji matata.



“A ƙara mishi,” in ji Inna. “Ya sha hanya.”

Ba ta sake cewa komai ba, a ranar ko bayanta. Na cinye ƙarin, don barin sa zai fi muni.

Na mayar wa kowa wayarsa, har mai daddawa. Unguwa ta yi ta sa mini albarka. A majalisar shayi aka ba da labarin langa, aka ƙara masa gishiri, har aka ce na yi gardama da duwan na kayar da su da ayar doka. Wani abokin aiki ya ce in ana neman ɗan'uwa na gari a zo a ga Mushe. Na sunkuyar da kai yadda na saba.

Auta ta dawo a motar Yamai da jaka ɗaya. Ta kawo mini riga mai aiki a wuya, ta durƙusa ta ce ta ji duk abin da na yi, Allah Ya bar zumunci. Ko hutawa ba ta yi ba ta karɓi ludayi daga hannuna, ta leƙa ƙwaryar, ta ce, “Yaya, wannan hura ce ko ginin tukunya?” Inna ta sha ta Auta ta yi ajiyar zuciya. Washegari na shiga aji a kan lokaci. Na karɓi kujerata a majalisa. Na ɗaga littafina daga inda ya kife, kuma ba zan ɓoye ba, ya yi daɗi. Abin da kawai ya canza shi ne bakin turmi. Ana daka, ba a waƙa. Na lura da haka, ni da ban taɓa lura ba lokacin da ake yi.

Wata safiya ina shirin fita Inna ta kira mu mu biyu. Ashe mawaƙiyar ta yi ta kiran Auta tana cewa ta zo Yamai duk da haka, ba za a rasa bukukuwa ba, kuma wa ya san gaba. Auta tana shiga ɗaki ta amsa a hankali ta ce ba za ta iya ba. Ta manta cewa wanda ido ya bari, kunne bai bar shi ba.

“Ki haɗa kayanki,” in ji Inna.

“Inna, wa za ya kula da ke?”

“Yayanki ya iya.”

“Hurarshi duk gudaji.”

“Ina taunawa. Ki tahi tun ina da bakin ce miki tahi.” Sai ta juyo da fuskarta daidai inda nake tsaye, kamar tana gani. “Ko ba haka ba, Malam?”

Inna ba ta ce mini Malam sai in akwai magana a ƙasa. Na ce haka ne, Inna. A wannan karon ban yi jawabi ba.

Ni na kai Auta tasha. Ta yi ta jaddada mini ƙwayar da ake rabawa biyu, da man da ake shafa wa diddige, kamar ban taɓa yi ba. Na ce ta kwantar da hankalinta ta yi waƙarta. Mota ta tashi tana ɗaga mini hannu ta taga, kanta a ɗage.

Tun daga nan ni ne. Na ƙware a ɗagawa, hannuna ya saba da ludayi, na haddace auren Sakkwato har ina gyara mata in ta tsallake wani wuri. Amma Inna ta rame. Ba ta taɓa yin ƙorafi ba, tana shan abin da na dama ta ce madalla, ta bar rabi. Wani lokaci ina matsa mata ƙafa sai in ji ina so in tambaye ta ko saboda Auta ta yi abin da ta yi, ko saboda kwanon tuwon nan. Ban tambaya ba, don ko wace amsa ta bayar, ita ce ke kwance tana shan gudaji. In aka sa kiɗa a tele takan ɗaga yatsa ta ce in duba ko da Auta a ciki. In duba in ce ba wannan ba ne, Inna, sai dai na gaba. Langar tana kan kabad, a ciki nake ajiye magunguna.

Kwanan baya aka tura matata wani horo a Yamai, ta je ta kwana wurin Auta a gidan mawaƙiyar. Da ta dawo ta bari sai da Inna ta yi barcin rana, sannan ta ba ni labari a zaure. Ta ce Auta lafiya lau, ta ma yi ƙiba. Ta ce tun bayan gasar ba a cika gayyatarsu ba, gurumi da ƙwaryar kiɗa suna wani ɗaki an lulluɓe su da zane. Mawaƙiyar tana da tsohuwar uwa wadda ƙafa ta gaza. Auta ce ke dama mata fura.